Yadda Allon Dara Ya Shige Cikin Lamba Ɗaya

A farkon shekarun 1950, Arthur Samuel na kamfanin IBM ya fara koya wa kwamfuta wasan draf. Na'urarsa, IBM 701, tana ɗaukar bit 36 a lokaci guda, wato gurabe 36 da kowannensu ke riƙe da ɗaya ko sifili. Gidajen da ake wasa a kansu a allon draf kuwa 32 ne. Sai ya ba kowane gida bit guda: ɗaya na nufin akwai ɗan wasa, sifili na nufin babu. Da haka allo ya koma lamba.

Wasan ces ya fi wuya, domin gidajensa 64 ne. Masanan Tarayyar Sobiyet da suka rubuta manhajar Kaissa sun bi wannan hanya, kuma a 1974 ta lashe gasar duniya ta farko ta ces tsakanin kwamfutoci a Stockholm. Abokan hamayyarsu na Amurka, David Slate da Larry Atkin, suna aiki ne da na'urorin CDC masu bit 60, don haka gidaje huɗu suka rasa wuri, dole aka raba allon gida biyu. Sai bayan 2003, da AMD ya fitar da Opteron, bit 64 ya fara zama ruwan dare a kwamfutocin jama'a.

Dabarar kunna bit guda ba ta sauya ba: a ɗauki 1, a tura shi hagu zuwa gurbin da ake so, a haɗa shi da lambar. Amma akwai tarko. A harshen C, 1 tsura yawanci bit 32 ne, kuma ƙa'idar harshen ba ta lamunci tura shi gurbi 40 ba. A injinan Intel, sau da yawa a gurbi na 8 yake sauka: doki ya bayyana inda ba a aike shi ba, manhaja kuma ta ci gaba da aiki. Maganin shi ne rubuta 1ULL, mai faɗin bit 64.

Gano irin wannan kuskure yana buƙatar ganin bit ɗin da ido, amma shekaru kusan 50 umarnin printf ba ya buga lamba da ɗaya da sifili. Masu rubuta manhaja kan zagaya sau 64, suna sauka sabon layi bayan kowane takwas, har allon ya fito. Sai a ƙa'idar C23 aka ƙara alamar %b domin wannan aiki.