Yadda Ilimin Renon Manyan Karnuka Ya Sauya Cikin Ƙarni Guda

Duk wanda ya ɗauko kwikwiyon manyan karnuka, irin su Great Dane ko Boerboel da ake ajiyewa don gadi a biranenmu, burinsa shi ne ya ga ya girma da wuri. Sai ya cika masa kwano, ya kuma nufi kantin magani neman ƙwayar kalsiyam. Wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma tarihin ne ya nuna haɗarinta.

A shekarar 1919, wani likita ɗan Ingila mai suna Edward Mellanby ya wallafa bincikensa kan laushin ƙashi, cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara. Da kwikwiyoyi ya yi gwajin. Ya nuna cewa gurguwar cima ce ke haddasa cutar, kuma man hantar kifi na warkar da ita. A 1922 aka gane cewa sinadarin da ke wannan aiki sabon bitamin ne, wanda ake kira bitamin D. Daga nan tsoron rashi ya zauna a zukatan masu kiwo, suka riƙa zuba wa kwikwiyo garin ƙashi da man kifi ba awo, da tunanin cewa babban jiki sai babban ƙari.

Sai a 1974 Åke Hedhammar da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gwada wannan tunani. Suka raba kwikwiyoyin Great Dane gida biyu: wasu na ci iya son ransu, wasu an ƙayyade musu. Waɗanda suka ci ba iyaka sun fi saurin girma, amma su ne suka fi fama da lalacewar gaɓoɓi da ɗingishi. Nauyi ya riga ƙashi nuna.

A 1985 kuma Herman Hazewinkel na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ya waiwayi kalsiyam kansa. Ya bai wa wasu kwikwiyoyin irin wannan jinsi abinci mai kashi 1.1 cikin ɗari na kalsiyam, wasu kuma kashi 3.3. Masu samun ninki ukun ne guringuntsinsu ya kasa rikiɗewa ya zama ƙashi yadda ya kamata, ƙafafun gaban wasu suka karkace. Dalili kuwa, hanjin kwikwiyo a watanninsa na farko ba ya iya mayar da rarar kalsiyam baya kamar na babban kare. Garin neman gira aka rasa ido.

Wani dogon bincike da aka yi kan karnukan Labrador 48 ya ƙara tabbatar da batun abinci. Waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na cimarsu sun fi tsira daga gocewar kwatangwalo, kuma rahoton 2002 ya nuna sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu. A 2016 ƙungiyar AAFCO, mai tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, ta kafa iyaka: kada kalsiyam ya wuce kashi 1.8 cikin ɗari a abincin kwikwiyon da zai kai kusan kilo 32 ko fiye idan ya girma.

Darasin a fili yake. Idan kana ciyar da kwikwiyonka da cikakken abincin da aka haɗa don manyan jinsi, kada ka ƙara masa kalsiyam ko bitamin D. Ka auna abincin, ka riƙa shafa haƙarƙarinsa. In ka daina jin su cikin sauƙi, ƙiba ta fara. In kuwa girkin gida kake ba shi, to cutar da Mellanby ya yi nazari a kai ba ta gushe ba, domin tsokar nama zalla ba ta da isasshen kalsiyam. Likitan dabbobi ne zai daidaita maka ma'aunin. Irin waɗannan karnuka sukan kai wata 18 zuwa 24 kafin ƙashinsu ya gama nuna, kuma tsayin da za su kai gado ne, ba a ƙara shi da gaggawa.