Daga Keson Wuri Zuwa Na'urar POS: Wa Ke Biyan Dakon Kuɗi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya albarka a cikin fatauci na gaskiya, ya kuma hane mu cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata 'yar gardama da na tarar a wani shagon kayan masarufi a garin Boɗinga bayan mun tashi daga Islamiyya. Wani magidanci ya sayi shinkafa da man gyaɗa na naira 12,000, ya miƙa katinsa, sai mai shago ya ce: "Alhaji, in da kati ne sai ka ƙara ɗari." Magidancin ya ce wannan riba ce tsagwaronta. Mai shago kuwa ya rantse ko kwabo ba ya shiga aljihunsa, kamfanin na'ura ne ke cirewa. Da suka gan ni sai suka ce Malam ya raba gardama. Na roƙe su su ba ni lokaci, domin ba a yanke irin wannan hukunci a tsaye bakin kanta. Da na koma ga littattafai sai na tarar tambayar tasu ta girme mu duka: idan kuɗi zai tashi daga hannun mai saye zuwa hannun mai sayarwa, kuma tashin nasa yana cin wani abu, wa zai biya?

Mu fara da wuri, wanda jam'insa ne ya zama kalmar "kuɗi" a bakin Bahaushe. Tarihin Kano ya ambaci cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731). Asalinsa daga tsibiran Maldif ne a Tekun Indiya. Da shi ake ciniki a lokacin da Mujaddadi Shehu Usmanu bin Fodiyo ya zauna a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga kusa da shi. Wuri yana da daɗin sha'ani a ƙaramin ciniki, ka sayi fura ko daddawa ba tare da neman canji ba. Wahalarsa tana bayyana ne a babban ciniki, domin sai an zube shi an ƙirga biyar-biyar, a cika keso, kowane keso wuri 20,000.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda aka zauna ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ya kuma rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ne ke daidai da liyari ɗaya, wato dalar azurfa. Daga tsakiyar ƙarnin kuma 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar teku, darajarsa ta yi ta faɗuwa, nauyinsa yana nan yadda yake. Wani Bature mai suna Charles Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya amma suka kasa sayar da shi, saboda kuɗin dokin sai 'yan alaro 15 za su ɗauka, ladan dakonsu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari. Ashe tun a wancan zamani kuɗi yana da nasa kuɗin dako. Fatake sun rage wannan nauyi ta hanyar riƙe dukiyarsu a tufafi da goro da azurfa, da dogaro ga fatoma da dillali, waɗanda ke karɓar la'adar da kowa ya san da ita, wadda bisa al'ada mai kaya ne ke fitar da ita daga cikin kuɗinsa.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala ba. A babin ciniki na Muhtasar Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa ladan mai awo yana kan mai sayarwa, domin shi ne wajibi ya cika mudu ya miƙa kaya. Masu sharhi irin su Shaihu Dardir suka ƙara da cewa ladan ƙirga kuɗi ko auna shi yana kan mai saye, domin shi ne wajibi ya miƙa kuɗin a cike, sai fa idan akwai sharaɗi ko al'ada da ta saɓa wa haka. A riƙe waɗannan kalmomi biyu, sharaɗi da al'ada, za mu dawo gare su. Haka nan sun tattauna a kan suftaja, wato ka ba mutum kuɗi a wani gari ya rubuta maka takarda ka karɓa a wani gari. An ruwaito cewa Abdullahi bin Zubair (RA) yana karɓar kuɗin mutane a Makka ya rubuta wa ɗan'uwansa Mus'ab a Iraƙi ya biya su. Malikiyya sun tsananta a kanta saboda tsoron rancen da ke jawo amfani, amma suka yi rangwame idan tsoro ya game hanyoyi. Duk wanda ya san halin da wasu hanyoyin jiharmu suka shiga a shekarun nan ya san darajar wannan rangwame.

A gefe guda, Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa da fatake da 'yan kasuwa ba bisa Shari'a ba, har da abin da ake tsinka daga kayan masu sayarwa a kasuwa, ya yi Allah wadai da su. Wannan ya nuna mana cewa magabata sun bambance ladan wanda ya yi aiki da abin da mai ƙarfi ke karɓa don kawai yana da ƙarfi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka hana shigo da wuri, suka kawo sule da sisi da taro da kwabo da anini, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. Manomin da ke da wuri sai ya nemi mai canji, kuma shi ke ɗaukar hasarar canjin. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, naira biyu a kan fam ɗaya, kuma Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a lokacin ɗan wannan yanki ne, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe muƙamin daga 1971 zuwa 1975. Takardar kuɗi ta kashe dakon wuri, amma ba ta kashe dakon baki ɗaya ba. Mutumin Dandin Mahe ko Kajiji da ke son ajiya ko cirar kuɗi sai ya biya mota zuwa inda banki yake, ya kuma ɓata yininsa a layi.

Shi kuwa ciniki da kati a Amurka ya bunƙasa. Diners Club ya fito a 1950, BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. Tsarinsu shi ne a cire wani kaso daga kuɗin mai shago a kowane ciniki, a kuma sharɗanta masa kada ya ɗora wa mai kati. Ƙananan 'yan kasuwa sun daɗe suna kuka da wannan, kuma ƙasashe ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Ostireliya ta halatta ƙarin a 2003. A Amurka, bayan doguwar shari'a tsakanin 'yan kasuwa da kamfanonin kati, an buɗe ƙofarsa a 2013 bisa sharaɗin a sanar da mai saye kuma kada ƙarin ya wuce abin da ake cirewa, ko da yake wasu jihohi sun ci gaba da hanawa. Birtaniya kuwa ta haramta shi a Janairun 2018. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta wa banki ya karɓi kamasho daga ɗan kasuwa a kan katin bashi, da sharaɗin farashin mai kati ya zama daidai da na mai tsabar kuɗi, domin kada ƙarin ya zama riba a ɓoye a kan bashin. Sai dai a lura, yawancin katunan da ke hannunmu ba na bashi ba ne, kuɗin mutum ne da ke cikin asusunsa.

A Nijeriya, Babban Banki ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a Janairun 2012, ya faɗaɗa shi zuwa duk ƙasa a 2014. A 2013 ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda muke kira masu POS. Kason da ake cire wa mai shago ya fara a kashi 1.25 cikin ɗari, aka rage shi zuwa 0.75, sannan a 2019 aka mayar da shi 0.5, kada ya wuce naira 1,000. Ƙa'idojin sun hana mai shago ya yi wa mai kati wani farashi daban. A ƙarshen 2019, da gidajen mai da manyan shaguna suka fara ɗora wa jama'a naira 50 na harajin hatimi, Babban Banki ya fito ya ce ba mai saye ne zai biya ba.

Sai kuma jarrabawar da ba za mu manta ba. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta ɓace. Da idona na ga ana karɓar naira 1,000, wani wuri har 2,000, kafin a ba mutum 10,000 daga cikin kuɗinsa. Na ga mai tumaki a kan hanyar Shagari ya karya farashi ga duk mai kuɗi a hannu, kamar dai mai dokin 1894. Sai a ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta mayar da tsofaffin takardun. A waɗannan makonni ne masu shayi da mahauta da masu kayan miya suka rungumi tiransifa da na'ura, kuma daga nan "ƙara ɗari" ya zauna a bakin 'yan kasuwa.

To me wannan tarihi ya koya mana? A fahimtata, abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne ladan mai POS, wanda ya biya mota ya ɗauko kuɗi, ya sayi data, ya ɗauki kasadar ɓarayi. Malamai sun yi saɓani a kansa. Wasu suna ganin canjin naira da naira ne da fifiko, wasu suna ganin ijara ce a kan aiki, kuma na fi karkata ga na biyu matuƙar ladan sananne ne, gwargwadon wahala. Na biyu shi ne abin da ya faru a 2023, inda ladan ya riƙa hawa gwargwadon matsuwar mai nema. Wannan ya fita daga ijara, ya zama sayar da naira da naira da cin gajiyar wanda ke cikin ƙunci.

Na uku shi ne na mai shagonmu. Idan aka bi kason 0.5, abin da za a cire masa a cinikin 12,000 naira 60 ne, idan kuma harajin naira 50 ya hau kansa ya zama 110. Ke nan bai yi ƙarya ba, kuma ƙarin nasa ba riba ba ne, tunda babu rance a tsakaninsu. A asalin ƙa'idar Malikiyya ma ladan isar da kuɗi yana kan mai saye. Amma an ce sai idan akwai sharaɗi, kuma wanda ya karɓi na'urar ciniki a ƙarƙashin ƙa'idar da ta hana ƙari ya shiga alkawari, farkon Suratul Ma'ida kuwa umarni ne da cika alkawura. Sannan faɗin ƙarin bayan an gama ciniki an ɗaure kaya yana ɓata yardar da ciniki ke tsayuwa a kanta. Mafita mafi tsabta ita ce ya lissafa wannan caji cikin farashin kayansa, kamar yadda yake lissafa kuɗin mota da na haya da na leda, ya yi wa kowa farashi ɗaya.

Ban ce wannan ba shi da ciwo ba. Wanda ribarsa a kwalin taliya ba ta taka kara ta karya ba, naira 100 a kowane ciniki ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kuma farashi ɗaya yana nufin mai tsabar kuɗi ya taya mai kati biya. Don haka nauyi yana kan hukuma da bankuna da kamfanonin na'ura su dubi abin da suke cirewa daga ƙananan 'yan kasuwa, su bayyana shi dalla-dalla, su kuma tuna da bambancin da Shehu ya yi tsakanin ladan aiki da abin da ake karɓa da ƙarfi.

Na koma shagon bayan kwana biyu na faɗa wa mai shi abin da na fahimta. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, in na ƙara a farashi, maƙwabcina bai ƙara ba, wa zai saya a wurina?" Na ce masa wannan magana ce da ya kamata shugabannin 'yan kasuwar garin su zauna a kanta su tsayar da al'ada ɗaya da kowa ya sani, domin la'ada ma ba ta zama halal a idon jama'a ba sai da ta zama sananniya. Kafin nan, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne kada ya karɓi fiye da abin da ake cire masa, kuma ya faɗa tun kafin a auna kaya.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara daga malamaina. Allah ya tsarkake mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Wallahu a'alam.