Rashin Barcin Mai Ciwon Daji a Fagge da Sabon Gari: Daga Jinyar Gida zuwa Wayar Hannu

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun hanyoyin da mutanen Fagge da Sabon Gari suka bi wajen agaza wa mai ciwon daji wanda barci ya ƙaurace wa, domin mu ga inda koyarwa ta intanet za ta samu gurbi.

Fagge dai tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwar Kano. A zamanin da, idan zogi da fargaba suka hana marar lafiya runtsawa, mai jinya ce takan kwana zaune tana yi masa fifita, a karɓo rubutu wurin malam, a jiƙa saiwa. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 aka kafa Sabon Gari, wadda daga baya ta zama matattarar kantunan maganin Bature. Ta nan ƙwayar barci ta shiga gidaje, sau da yawa ba tare da takardar likita ba. Ita kuwa ƙwaya, da zarar jiki ya saba da ita, sai matsalar ta dawo.

Mataki na uku ya faro ne da zuwan wayar hannu Nijeriya a 2001. A 2012 masana a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka nuna cewa darussan gyaran barci ta intanet sun taimaki waɗanda suka yi jinyar daji, kuma a 2018 wani bincike a Danmak ya ƙarfafa wannan game da matan da suka yi dajin nono. Darussan ba su da wuya: tashi a ƙayyadadden lokaci kullum, taƙaita barcin rana, barin shimfiɗa idan barci ya ƙi, da guje wa abubuwa irin su shayi da goro da dare. A nan sallar asuba ta riga ta tsayar mana da lokacin tashi.

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, rubutu da saiwa da ƙwaya duk ta hannun mai jinya suka isa ga marar lafiya. Saboda haka muna ganin darasin da aka tsara domin mutum ɗaya ya karanta shi kaɗai cikin Turanci ba zai yi nisa ba a waɗannan unguwanni. Wajibi ne a mayar da shi murya cikin Hausa da sauran harsunan mazauna Sabon Gari, bisa kulawar likita, a kuma fuskantar da shi ga wadda take kwana a gefen gado, domin ita ma ba ta barci.