SAMPEA 20-T: Waken da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta

SAMPEA 20-T irin wake ne da aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya kare kansa daga tsutsar Maruca, wadda ke cinye furen wake ta kuma huda ƙwansonsa tun yana ɗanye. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ce ta samar da shi tare da gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostireliya. An sanya masa ƙwayar halitta daga bakteriyar Bacillus thuringiensis, don haka tsutsar da ta ci shi takan mutu. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta amince da shi a Janairun 2019, aka kuma ba da izinin fitar da shi ga manoma a Disamban shekarar.

Masu goyon baya sun kafa hujja da feshi: manomin da ke fesa magani sau shida zuwa takwas a damina, sau biyu ya ishe shi idan ya shuka wannan iri. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ke goya tankin feshi ba safar hannu, ba takunkumi. Sai dai irin ba ya hana ƙwarin da ke ɓata wake a rumbu.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey, na fargabar ɓacewar irin gargajiya da dogaro ga kamfanonin ƙetare. Ƙorafinsu mafi ƙarfi shi ne na kasuwa, inda ake auna wake a mudu, mai saye bai san wane iri aka zuba masa ba.