Ƙwayoyin Ƙarin Gina Jiki da Sankarar Huhu ga Waɗanda Suka Daina Shan Taba: Bitar Manyan Gwaje-gwaje

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar manyan gwaje-gwajen da aka gudanar a Finland da Amurka domin gano ko ƙwayoyin bitamin da ma'adanai suna rage haɗarin sankarar huhu ga waɗanda suka daina shan taba. Binciken ya nuna babu ƙwayar da ta tabbata tana karewa, kuma ƙwayar beta-karotin tana iya ƙara haɗarin.

Gabatarwa

Wanda ya ajiye sigari haɗarinsa yana raguwa, amma ba ya gushewa gaba ɗaya. Binciken Richard Peto da abokansa a Birtaniya, wanda aka buga a 2000, ya nuna kashi 16 cikin 100 na mazan da suka ci gaba da sha suna mutuwa sakamakon sankarar huhu kafin su kai shekara 75. Wanda ya daina yana ɗan shekara 50, haɗarinsa kashi 6 ne. Wanda ya daina yana ɗan 30, kusan kashi 2. Wannan ragowar haɗari shi ke sa mutum ya nufi kemis neman abin da zai "wanke" masa huhu.

Tun farkon shekarun 1980 masana suka lura cewa masu yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da cutar ba. Aka ɗora zaton a kan beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja da ganyen zogale.

Hanyar Bincike

An fifita gwaje-gwajen da aka raba mutane kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha ƙwayar gaske, wasu ta bogi, domin irinsu ne kaɗai ke iya nuna sanadi. An duba adadin mahalarta da yawan abin da suka sha da kuma matsayinsu game da taba.

Sakamako

Gwajin ATBC na Finland ya ƙunshi maza mashaya taba 29,133 masu shekara 50 zuwa 69. An ba wasu miligiram 20 na beta-karotin kullum. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikinsu, mace-mace kuma da kashi 8. Bitamin E da aka ba wasu a gwajin shi ma bai rage cutar ba.

Gwajin CARET na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Gilbert Omenn, ya fi kusa da tambayarmu, domin cikin mutum 18,314 akwai masu sha, da waɗanda suka daina, da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbesto. An haɗa musu miligiram 30 na beta-karotin da bitamin A. A Janairun 1996 aka dakatar da gwajin tun wa'adinsa bai cika ba, saboda cutar ta ƙaru da kashi 28, mace-mace da kashi 17. Sai dai illar ta fi bayyana ga masu ci gaba da sha. Waɗanda suka daina kuwa an ga ɗan ragi a cikinsu, amma bai kai matsayin da za a kafa hujja da shi ba.

Wannan ɗan ragi ya sa wasu suka ɗauka ƙwayar ba ta da illa ga wanda ya bar taba. Gwajin AREDS2, wanda aka yi kan ciwon ido na tsufa aka buga a 2013, shi ya girgiza wannan zato. Ba a ba masu shan taba beta-karotin a cikinsa ba, amma duk da haka kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka sha ƙwayar sun kamu da sankarar huhu, alhali sauran kashi 0.9 ne kacal. Mafi yawan waɗanda suka kamu tsofaffin mashaya ne.

Siliniyom ma bai cika alƙawari ba. An gwada shi kan mutum 1,561 da aka yi wa tiyatar sankarar huhu a matakin farko, bai hana wata sabuwa fitowa ba. Binciken bibiya na jihar Washinton kan mutum fiye da 77,000, a 2017, ya danganta yawan shan bitamin B6 da B12 na tsawon shekaru da ƙaruwar cutar ga maza, ko da yake irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da sanadi ba.

Tattaunawa

Me ya sa abin da ke da amfani a cikin miya ya zama illa a cikin kwalba? Dalili na farko shi ne yawa: abin da ke cikin ƙwayar ya ninka na abincin yau da kullum sau da dama. Gwaji kan dabbobi ya nuna cewa a huhun da hayaƙi ya taɓa, beta-karotin mai yawa yana farfashewa ya rikita tsarin da ke kula da girman ƙwayoyin halitta. Na biyu, mai cin ganye da yawa galibi ya fi kula da lafiyarsa ta wasu fuskoki, don haka an jingina wa sinadari guda abin da ba aikinsa ba ne shi kaɗai. Shi ya sa a 2022 kwamitin ƙwararru kan rigakafi na Amurka ya ba da shawarar kada a sha beta-karotin ko bitamin E da niyyar kare kai daga sankara.

Abin da ya tabbata yana ceton rai shi ne hoton huhu na Siti mai ƙarancin tururi. Gwajin NLST na 2011, mai mahalarta 53,454, ya nuna ragin mace-macen sankarar huhu da kashi 20 cikin 100. Kwamitin ya ba da shawarar yin hoton duk shekara ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana na shekara 20, idan suna sha har yanzu ko ba su wuce shekara 15 da dainawa ba.

Kammalawa

Babu hujjar ba wanda ya daina taba ƙwayar ƙarin gina jiki da sunan rigakafin sankarar huhu, sai idan likita ya gano yana da ƙarancin wani sinadari. Ya kamata likitoci da masu sayar da magani su riƙa tambayar tarihin shan taba kafin su ba da duk wani haɗin da ke ɗauke da beta-karotin, har da na ido. Shi kuwa wanda ya daina, ya tsaya a kan dainawarsa, ya ci ganye da 'ya'yan itatuwa a matsayin abinci, ya kuma ga likita da zarar tari ya ƙi ƙarewa.