Abadan: Birnin da Matatar Mai ta Haifa

Kafin a gano man fetur a Masjid Sulaiman a 1908, Abadan tsibiri ne na laka da gonakin dabino a kudu maso yammacin Iran, dab da Tekun Fasha. Kamfanin man Ingila ya zaɓe shi saboda jiragen ruwa na iya isowa, ya jawo bututu daga tsaunuka, ya kafa matatar da ta zamo cikin mafi girma a duniya.

Zafin bazara a nan yakan haura digiri 50. Kowa na shan ranar, amma kamfanin ne ke rabon inuwa: Turawa a unguwar Braim mai lambuna, leburori kuwa a bukkokin gwangwani da suka laƙaba wa suna Garin Takarda. A ganina, wannan wariya ce ta share fagen dokar 1951, wadda Mossadegh ya jagoranta, ta mayar da man hannun Iran. A watan Oktoban shekarar Turawan suka kwashe nasu ya nasu.

A 1980 sojojin Iraƙi suka yi wa birnin ƙawanya, matatar ta ci wuta, jama'a suka watse. An sake gina ta bayan yaƙin, amma dabinon da ya tsira daga harsashi, yanzu gishirin da ya cika ruwan kogi ne ke kashe shi.