GAMMO DA MASHI: SOJOJINMU A YAƘIN BURMA

Duk wanda ya kasa kunne ga hirar samarinmu a kan aikin soja zai ji sun raba sojoji gida biyu. Akwai waɗanda ake kira sojoji na musamman, wato zaɓaɓɓun nan da ake yi wa horo mai tsanani, a sauke su daga jirgi a tsakiyar daji. Sannan akwai saura: mai tsaron shinge a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da direba, da kuku, da mai kula da sito. Yaron da ya tashi daga Kurya Madaro ko Zurmi ya shiga soja, in bai sami shiga rukunin farko ba, sai ya riƙa ganin kansa kamar cikon benci ne. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu waiwayi tarihi, mu ga ko wannan rabo yana da tushe.

Da farko dai, tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. A tsarin yaƙin Hausa na dauri, barade da 'yan lifida su ne 'yan gaban goshin sarki, su ke da ingarmu da sulke da kwalkwali, su kuma maroƙa ke yi wa kirari. Dakaru da 'yan baka kuwa ana ƙidaya su ne a dunƙule. To, amma a Tafkin Kwatto, cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne ya zo da lifida, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba, kuma kibiyar talaka ce ta raba gardama a ranar. Haka nan kowa ya san Namoda yana cikin shugabannin da suka ci Alƙalawa a 1808, har ga gari nan yana amsa sunansa, amma wa zai iya kawo sunan mutum biyar daga cikin masu kwari da bakan da suka bi shi? Adabinmu ma haka ya gada. Narambaɗa sarakuna ya yi wa waƙa, Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri da mafarauta; mai ɗauko ruwa a sansani ba shi da makaɗi.

Misalin da ya fi fitowa fili, domin an rubuta shi dalla-dalla, shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Burma daga hannun Ingilishi, ta zo ta tsaya a bakin iyakar Indiya. Sai Turawa suka juyo Afirka ta Yamma neman mutane. Aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gambiya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. A nan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka bi: wasu sun tafi don ra'ayin kansu, wasu don kuɗi, wasu kuwa cika adadi aka yi da su. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, saboda haka mutumin wannan yanki daga nan zai hau zuwa Zariya inda ake horar da kurata, daga can sai Ikko, sai jirgin ruwa zuwa Indiya. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Tsofaffinmu yaƙin Boma suke ce masa.

A Indiya ne aka raba Runduna ta 81, kuma nan ne batunmu ya taso. Akwai wani hafsan Ingilishi mai suna Orde Wingate, wanda ya kafa wata ƙungiya ta musamman da ake kira Chindit, sunan da aka samo daga gunkin zakin nan da ke gadin wuraren bautar mutanen Burma. Dabararsa ita ce a kutsa can bayan abokan gaba, a yanke musu hanyar jirgi da ta abinci. A 1943 ya shiga da mutum wajen 3,000, fiye da 800 ba su dawo ba, ɓarnar da suka yi kuma Japanawa suka gyara ta cikin ɗan lokaci. Amma a lokacin Ingila tana ƙishirwar labari mai daɗi, sai jaridu suka ɗauka, har Churchill ya tafi da Wingate taron Quebec a watan Agusta na shekarar. Da ya dawo aka ba shi birged shida. Ɗaya daga cikinsu ita ce Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya, waɗanda aka zare daga Runduna ta 81.

Ga abin lura a nan. Da aka fara sauke 'yan Chindit ta jirgin sama a watan Maris na 1944, babban aikin da aka tanadar wa mutanenmu shi ne tsaron sansanonin da aka kafa, irin su White City da Aberdeen. Wato ko a cikin zaɓaɓɓun ma gadi aka ba su! Sai dai gadin ne ya zama gumurzu, domin a watan Afrilu Japanawa sun yi ta afka wa White City dare bayan dare, ba su ci ta ba. Shi Wingate bai ga wannan ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 24 ga Maris. Zuwa watan Agusta an janye 'yan Chindit, zazzaɓi da atuni da yunwa sun gama da mafi yawansu, a farkon 1945 kuma aka rushe ƙungiyar.

To, sauran Runduna ta 81 fa, waɗanda ba a zaɓa ba? Su aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ƙasa mai tsaunuka da kurmi da gora, wadda ba ta da hanyar mota. Da adda da diga da shebur suka sare hanya mai tsawon fiye da mil 70 don ƙananan motoci su bi. Ita ce kuma babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan daga sama, jirage suna jefo buhuna da akwatuna da laima. Amma fa jirgi a fili ɗaya yake zubar da kaya, mai bindiga kuwa yana can kan tsauni, wata sa'a tafiyar yini guda. Wa zai kai masa?

'Yan dako. Kowace runduna daga cikin biyun nan tana da dubban sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka. Mutum zai ɗauki kimanin laba 40 na harsashi ko abinci ko kayan waya, ban da nasa kayan, ya hau dutse, ya ƙetare rafi, cikin ruwan sama da laka. Da farko ko bindiga ba a ba su ba, adda kawai, alhali harsashin Japanawa ba ya tambayar wa ke riƙe da bindiga. Su ke ɗauko wanda aka harba a kan makara, su ke share filin da ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashe shi. Inda mota ta tsaya, inda alfadari ya turje, nan suke wucewa. A ganina, duk abin da ake yabon 'yan Chindit da shi, wato tafiya cikin kurmi ba hanya a baya, sai abin da ya faɗo daga sama, waɗannan mutane sun yi shi, sun kuma daɗe suna yi, ba tare da an laƙaba musu wani suna mai daɗin faɗi ba.

Ba wai kullum nasara suka yi ba. A watan Maris na 1944 Japanawa sun mamaye su a wajen Kyauktaw, dole suka ja da baya, daga bisani aka canza musu shugaba. A wannan ruɗani ne aka harbi Isaac Fadoyebo, wani yaro daga ƙasar Owo mai aikin jinya, wanda wasu talakawa Musulmi na Arakan suka ɓoye shi wata tara suna ciyar da shi. Da damina ta wuce rundunar ta sake gangarowa kwarin, a watan Janairu na 1945 ta haɗu da Runduna ta 82 suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Ta 82 ta ci gaba da kora zuwa kudu har ruwan bazara ya sauka.

Shi kansa Janar Slim, wanda ya shugabanci yaƙin Burma, ya bayyana ra'ayinsa a littafinsa na 1956. A taƙaice, yana ganin yawan kafa ƙungiyoyi na musamman yana tsame gwanaye daga cikin bataliyoyi, yana kuma sa saura su ɗauka akwai aikin da ya fi ƙarfinsu, alhali duk bataliyar da ta sami horo sosai za ta iya. Mai yiwuwa akwai 'yar tsama a ciki, domin shi da Wingate ba su cika jituwa ba, kuma ba a musun cewa 'yan Chindit sun datse hanyar jirgin ƙasa makonni, sun ci Mogaung a watan Yuni. Amma inda aka karya ƙashin bayan Japan, wato Imphal da Kohima a 1944, rundunoni na yau da kullum ne suka yi aikin.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne lambar da sojojin nan ke ɗaurawa a kafaɗa. Ta Runduna ta 81 baƙin gizo ne, Anansi na tatsuniyar Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Ta Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da muka sani, na 'yan itace da masu tallar ruwa. Daga janar har farabiti kowa da gammon nan ya yi yawo a kafaɗarsa.

Duk da haka alƙalami bai bar halinsa ba. Ƙagaggen labarin da Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya buga a 2007 mai suna Burma Boy, a kan yaron da ya shiga Chindit ne. Tarihin Runduna ta 81 kuwa sai a 2001 wani tsohon hafsanta, John Hamilton, ya fitar da shi. Mu ɗaliban Hausa da ke yawon neman waƙoƙi da tatsuniyoyi lokacin hutu, ya kamata mu riƙa tambaya a Kurya da Shinkafi da Zurmi ko akwai gidan da aka ajiye lambar kaka ko takardarsa ta sallama, mu rubuta abin da jikoki suka ji daga bakinsa.

Sunayen barikokinmu sun fi littattafai adalci. Barikin Chindit yana Zariya, guda ɗaya. Amma akwai Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Badun, da Myohaung da An da Tamandu da Arakan a Ikko, duk wuraren da rundunonin nan biyu suka taka da ƙafa. Barikin Dodan ma, inda aka mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1991, sunan wani wuri ne a Arakan da Runduna ta 82 ta ratsa.